Inda Ƙafa Ba Ta Taɓa Ƙasa

Mai Keke ake ce masa a layinsu, ko da yake rabonsa da hawa keke tun yana saurayi. Kekunan ɗinki yake gyarawa. Shagonsa ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai wanki da guga da mai yankan gilashi. Duk wanda ya leƙa zai same shi a durƙushe gaban wani tsohon keke, ya kwantar da kan keken baya, ya cusa fuska a cikinsa kamar wanda zobensa ya faɗa rijiya. Shekara da shekaru yana wannan durƙuso, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji.

Ta dama ce ta fara. Idan ya sauko daga gado da safe sai ta yi ƙara kamar ƙofar da ta daɗe ba ta ga mai ba. Ta hagu ta ga 'yar'uwarta ta samu kulawa, ita ma ta bi sahu. Ya kai ga cewa idan ya durƙusa sai ya dafa tebur, ya yi nishi, ya ambaci Allah, kafin ya miƙe.

Akwai wani hali nasa da kowa ya sani a gidan. Ba ya iya ganin abu yana aiki bai nemi sanin yadda yake yi ba. Agogon bango, fanka, injin markaɗe, har makullin banɗaki, babu wanda bai ga cikinsa ba. Matarsa, wadda yara ke kira Inna shi ma ya bi bakinsu, idan aka kawo sabon abu gidan takan ɓoye shi a bayan tukwane. Takan ce, “Bari dai ya ɗan kwana biyu da ransa.”

'Yarsu ta ƙarshe, Auta, ita ce ta tasa shi gaba zuwa wurin likitan gashin ƙashi. Likitan ya murɗa ƙafar nan, ya lanƙwasa, ya danna gefen gwiwa da babban yatsa, Mai Keke yana kallon hannunsa da sha'awa kamar ba ƙafarsa ake murɗawa ba.

“Baba, gwiwar nan motsi take so,” in ji likita, “amma ba ta son nauyi.”

“To ai motsi da nauyi allura da zare ne, likita. Ina na taɓa tafiya na bar nauyina a gida?”

“Akwai inda ake barinsa. Za ka shiga ruwa mai zurfi, inda ƙafarka ba za ta taɓa ƙasa ba, ka yi gudu a ciki.”

Mai Keke ya gyara zama. “Gudu? A kan me?”

“A kan babu.”

“Ni fa ban iya iyo ba. Ruwan da na sani bai wuce na bokiti ba.”

“Ba iyo za ka yi ba. Tsayuwa za ka yi. Akwai ɗamarar da za a ɗaura maka, ita za ta riƙe ka.”

Auta ta zo da shirin lallashi, ta tanadi maganganu iri-iri tun daga gida. Ba ta yi amfani da ko ɗaya ba. Tun a mota mahaifinta yake ta juya maganar. Mutum ya tsaya a kan babu, har ya yi gudu. Ko don ya ga ƙaryar abin, sai ya je.

Da suka gaya wa Inna, tana tsinke ganye a tire, ba ta ɗago ba ta ce, “Ruwan yana tafiya ne, ko a tsaye yake?”

“A tsaye mana,” in ji Auta. “Tafki ne na gini, a cikin ɗaki.”

“To da sauƙi,” in ji Inna, ta ci gaba da aikinta.

Ranar farko Auta ta sauke shi a ƙofar wani dogon gini mai manyan tagogi a can sama. Tun daga bakin ƙofa wari ya tare shi, irin na maganin wanke farin kaya. Ɗakin canza tufafi yana da dogon benci a tsakiya da akwatunan ƙarfe a jere jikin bango, ƙasa kuma a jiƙe. Ya sa gajeren wandon da Auta ta saya masa, wanda ya sauko har gwiwa, ya yafa tawul, ya fito yana takawa a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai.

Bai taɓa ganin ruwa mai yawa haka da ake hango gindinsa ba. Shuɗi ne, ko kuma tayil ɗin da ke ƙasa ne shuɗi, bai tantance ba. Daga wannan gefe ƙasan yana kusa, sai ya yi ta gangarawa, har can ɗaya gefen ya yi nisa, layukan tayil suna rawa. A can ɗin ne ya ga kawuna. Kawunan dattawa ne zalla, babu jiki, suna tafe a hankali a kan ruwa, fuskokinsu a murtuke kamar masu sauri zuwa wani muhimmin wuri, alhali kunkuru ma zai wuce su.

Wani matashi mai usur a wuya ya nufo shi. Shi ne mai koyarwa, kowa Koci yake ce masa. Ya gaishe shi da ladabi, ya miƙo masa ɗamarar. Faffaɗa ce, mai kauri ta baya, da maɗauri ta gaba, kuma ba ta da nauyin komai.

Mai Keke ya matsa ta, ya sake, ya juya ta, ya shinshina, ya bi gefenta da farce.

“Ta ina ake hura mata iska?”

“Ba a hurawa, Baba. Iskar tana ciki, a cikin 'yan ƙananan ramuka da ido ba ya gani.”

“Kuma ruwa ba ya shiga ramukan? Soso ai sha yake yi.”

“Wannan ramukansa a rufe suke.”

“Idan aka yanka fa?”

Koci ya yi murmushi. “Baba, 'yarka ta gaya mini halinka a waya. Don Allah kada ka yanka mini ɗamara.”

Ya ɗaura masa ita a ƙugu, ya ja maɗaurin har sai da Mai Keke ya ce numfashi fa. Koci ya ce idan ta yi sako-sako za ta haura ta tsaya masa a hammata, ya yi ta fama da ita. Sannan ya raka shi bakin tsani a gefen zurfi, ya ɗauko wata doguwar sanda ya riƙe.

Da baya ya sauka. Ruwan bai yi sanyin da ya zata ba. Ya kama idon sawu, ya kama gwiwa, ya haura ciki. A mataki na ƙarshe ya miƙa ƙafa yana laluben na gaba, bai samu ba. Ya ƙara miƙawa. Babu. A nan ne son sani ya ja da baya, tsoro ya matso. Ya ƙanƙame ƙarfen tsani har jijiyoyin hannunsa suka fito.

“Ba sauri muke ba,” in ji Koci daga sama. “Matso ka kama bakin tafkin. Yawwa. Yanzu sauke ɗaya ƙafar ma. Bar su su yi lilo.”

Ya bar su. Ɗamara ta tura shi sama ta baya kamar hannun wani.

“Saki hannu ɗaya.”

Ya saki. Ya daɗe a haka, hannu ɗaya a bango ɗaya a ruwa. Wani ƙaton mutum mai faffaɗar fuska ya iso kusa da shi yana haki, ya tsaya.

“Sabon shiga ne? Sannu da zuwa. Ni ne mai gidan burodin da ke bayan tasha. Saki kawai, ɗan'uwa. Ni da na kai buhu biyu ma ta riƙe ni, balle kai da iska za ta iya ɗauka.”

Mai Keke ya saki ɗaya hannun. Ya nutse zuwa haɓa, sai kuma ya tsaya. Ruwa ya dawo daidai kafaɗa. Babu abin da ke ƙarƙashinsa, kuma ga shi a tsaye.

Abin da ya fara lura da shi shiru ne. Gwiwoyin nan da suka shekara suna yi masa magana, ko a zaune ko a kwance, sun yi tsit. Ya lanƙwasa ta dama a hankali yana jiran ta ciza. Ba ta ciza ba. Sai ya lura da abu na biyu: da ya ja numfashi, ruwan ya sauka daga kafaɗarsa kaɗan. Da ya fitar, ruwan ya hau wuya. Ya sake ja, ya taso. Ya fitar, ya sauka.

“Koci,” ya ce, “ashe ni ma ɗamara ne.”

“Huhunka ne, Baba. To yanzu mu fara aiki.”

Aikin ya fi yadda ake ganinsa daga sama. Koci ya ce ya miƙe sak, kamar an ɗaura masa zare a tsakar kai ana ja. Ya ɗaga gwiwa ɗaya, ya tura tafin ƙafa ƙasa, sannan ɗayar. Hannuwa su yi gaba da baya a gefen jiki, kada ya yi ta kwasar ruwa da su. Mai Keke ya gwada, ƙafafu suka tafi nasu wuri, hannuwa nasu. Ya ce bari ya ƙara sauri, ya sunkuya gaba kamar yadda mai gudu yake yi. Nan take ɗamara ta ɗaga bayansa sama, fuskarsa ta kifa. Ya sha ruwa ta baki ya sha ta hanci. Kafin ya gane gabas da yamma sandar Koci ta zo hannunsa, ya kama, ya miƙe yana tari.

Mai Burodi yana dariya har ruwa na girgiza a gefensa. “Ka biya kuɗin shiga ke nan. Ni ranar farko na sha abin da zai kwaɓa fulawar yini guda.”

“Kada ka sunkuya,” in ji Koci. “Kafaɗa a kan ƙugu. Ka san yadda tela ke taka fedar keke? Ba ya kwanciya a kai, a zaune yake sak, ƙafa ce ke aiki.”

Wannan ya shige shi. Ya miƙe, ya fara takawa. Ruwan yana tura shi ta kowane gefe, idan ya ɗaga ƙafa ya hana, idan ya sauke ya hana. Ya yi ta yi har ƙirjinsa ya ɗauki zafi. Da ya waiwaya don ya ga nisan da ya yi, tsanin yana nan inda zai iya miƙa hannu ya taɓa.

“Duk gudun nan?”

“Ba zuwa ake so ba, Baba. Motsin ake so.”

Fitowa ce ta fi ba shi mamaki. Yana hawa tsani nauyinsa yana dawowa mataki-mataki, har da ya tsaya a kan tayil ya ji kamar an ɗora masa kan keke a kowace kafaɗa. Ya tsaya yana ɗiga, yana tunanin ashe wannan kayan yake ɗauke da shi kullum bai sani ba.

A gida ya ci abinci kamar wanda ya yi noma. Yana ci yana ba da labari, yana kwatanta da cokali. Inna tana saurare. Da ya zo wurin kifewa ta ce, “Ai da ka ɗaga haɓa.” Bai kula ba, ya wuce zuwa maganar huhu.

Makonni suka shuɗe yana zuwa. Ya koyi takawa ba tare da ya kifa ba. Ya koyi buɗe ƙafafu da haɗe su kamar almakashi, da tura ruwa gaba da tafin hannu, da yin sauri na ɗan lokaci idan Koci ya busa usur sannan a sassauta. Ya koyi shan ruwan gora kafin ya shiga, domin Koci ya ce mutum yana gumi a cikin ruwa bai sani ba, maganar da ta hana Mai Keke sukuni yini guda. Fuska dai bai yarda ya sake sa ta a ruwa ba. A shago kuma ya ajiye bokiti a ƙarƙashin tebur. Idan babu aiki sai ya riƙa jefa abubuwa a ciki: ƙwarƙwaron keke, kwalbar mai da ta ƙare, guntun katako, sabulu. Mai yankan gilashi ya leƙo wata rana ya gan shi, ya koma ya gaya wa mai wanki cewa tsufa ya fara taɓa maƙwabcinsu.

Wata rana bayan an tashi, Mai Burodi ya kwance ɗamararsa a cikin ruwa ya miƙa wa Koci, ya kwanta rigingine. Bai nutse ba. Tumbinsa ya fito sama kamar tsibiri. Mai Keke ya kasa haƙuri. Ya roƙi Koci, ya riƙe bango da hannu biyu, aka kwance masa tasa. Ƙafafunsa suka ja shi ƙasa kamar an ɗaura musu dutse.

“Yaya haka? Ya ninka ni nauyi.”

“Kitse yana tasowa, ƙashi yana nutsewa,” in ji Koci. “Kai kuma Baba ƙashi ne da jijiya.”

“Ka ga amfanin burodi,” in ji Mai Burodi daga kwance.

Da wannan sabon ilimi ya koma gida. Auta ta zo yini. Inna tana ninke wanki a kan tabarma. Ya bayyana musu komai dalla-dalla, sannan ya dubi matarsa ya ce, “Ke da za ki shiga, da ba ki buƙatar ɗamara. Allah ya hore miki abin tasowa.”

Auta ta tuntsure da dariya. Inna ta ninke hannun wata riga, ta ce, “Ba ƙiba ce kaɗai ba. Ko siriri ne, idan ya kwantar da kai baya har kunnuwa suka shiga ruwa, ya cika ƙirji, ya daina kokawa, ƙafafu da kansu suke biyowa. Kai matsalarka kana ɗaga kai ne kana son ka ga abin da ke faruwa.”

Auta ta daina dariya.

“Wa ya gaya miki?” in ji Mai Keke.

“Ruwa.”

“Wane ruwa?”

“Kogi. Ai kafin a kawo ni birni wurin gwaggo, a hannun kakata na tashi, gidanta kuwa a bakin kogi yake. Gonarta tana tsallake. Mukan naɗe kayanmu mu ɗora a ka, mu haye.”

“Inna,” in ji Auta a hankali, “kin iya iyo?”

“Da dai. Yanzu ban sani ba.”

Mai Keke ya ajiye kofin da ke hannunsa. Ya san gwaggon, a gidanta ya fara ganin Inna. Ya san an ce ta yi ƙuruciya a ƙauye. Bai taɓa sa kogi a cikin ƙauyen ba. Sun aurar da 'ya'ya, sun ga jikoki, ya san irin tarin da take yi idan mura za ta kama ta, ya san takunta daga bakin ƙofa.

“Ba ki taɓa gaya mini ba.”

“Ba ka taɓa tambaya ba. Kuma da na gaya maka, a ina zan nuna maka? A baho?”

Ya ci gaba da kallonta, kai a karkace, ido a ɗan tsuke. Ta san wannan kallon.

“Malam, daina dubana haka. Ni ba fanka ba ce.”

Auta ce ta ɗauki maganar daga nan. Inna ta daɗe tana kukan ƙugu, kuma akwai ajin mata da ake yi bayan na maza, da malama mace, ana rufe ƙofa. Inna ta ce ita da tsufanta, ta ce me mutane za su ce, ta ce ba ta da kayan shiga. Auta ta kawo kayan, doguwar riga da wando da hular roba. Inna ta juya su, ta ce ɗinkin bai yi kyau ba, ta zauna ta sake bin hammatar da allura. Daga nan kowa ya san za ta je.

Ranar da ta fara, Mai Keke ya gama nasa ajin ya zauna a bencin waje yana jira. Ba ya ganin komai, sai ƙarar ruwa da usur ta cikin bango. Usur ɗin ya yi yawa a ranar. Da Inna ta fito, fuskarta ba walwala.

“Yaya ruwan?”

“Ruwa lafiyarsa lau, sai dai ba shi da rai. Ɗamarar nan ce. An ɗaure ni kamar akuya. Ina shiga jikina ya kwanta da kansa, yarinyar nan ta busa mini usur, wai Mama a tsaye ake yi. Na miƙe, na ɗan taka, na sake kwanciya, ta sake busawa. Wa ya taɓa ganin an shiga ruwa an tsaya kamar mai jiran mota?”

Mai Keke ya yi ƙoƙarin ɓoye jin daɗinsa, bai iya ba. Da yamma a tsakar ɗaki ya miƙe yana nuna mata. Kafaɗa a kan ƙugu. Zare a tsakar kai. Ɗaga gwiwa, tura ƙafa.

“Ka ji mutum,” in ji Inna. “Bai fi wata nawa da sanin ruwa ba, har ya zama malami.”

Amma ta tashi ta gwada, tana riƙe da bayan kujera.

Haka suka ci gaba, shi ya shiga ya fito, ita ta shiga ta fito, su koma gida tare suna gardamar wanda malaminsa ya fi tsanani. Gwiwoyinsa ba su koma na saurayi ba. Da safe har yanzu sukan yi gunaguni, sai dai sun daina ihu, kuma yana hawa matakalar gidan babban ɗansu ba tare da ya tsaya a tsakiya ba. Likita ya ce ya rage durƙuso, don haka ya sa kafinta ya yi masa dogon tebur, yana ɗora kekuna a kai yana gyara a tsaye. Inna kuma ta koyi tsayuwa, ko da yake ta ce idan malama ta juya baya takan ɗan saci kwanciya.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Bai ga iyon Inna da idonsa ba. Ya tambaye ta yaya ake yi da hannu, ta ce ba a faɗa da baki. Ya ce ta kwatanta a kan tabarma, ta ce ba ta haukace ba.

Sai ya lura cewa tsakanin fitar maza da shigar mata akwai ɗan lokaci da tafkin yake zama babu kowa, ana goge ƙasa. Ya sami Koci da maganar ko za a bar Inna ta yi iyo a wannan tsakanin, yana ta kewaye-kewaye. Koci ya sami Malama. Malama ta ce ita ma ta daɗe tana son ta ga abin da Mama take ɓoyewa. Inna ta ce a'a sau biyu, a na uku ta ce, “In dai ba za a tara mini jama'a ba.”

Ranar, maza suka watse, Koci ya fita ya ja ƙofa. Mai Keke ya zauna a cikin ruwa da ɗamararsa, a gefen zurfi, yana takawa a hankali don kada sanyi ya kama shi. Auta tana zaune a benci da jaka a cinya. Malama ta tsaya da sanda a bakin tafki. Ta miƙo masa tabarau na ruwa ta ce ko zai so, ya karɓa ya sa a goshi don kada ya ƙi.

Inna ta fito babu ɗamara. Ba ta nufi tsani ba. Ta zauna a bakin tafkin, ta sa ƙafafu, ta ɗebi ruwa ta shafa a wuya da bayan kunne. Ta ɗan jima tana kallon ruwan. Sannan ta zame ciki, ko fantsama bai yi ba.

Da gefe ta kwanta. Hannu ɗaya yana miƙewa gaba a ƙarƙashin ruwa yana jawowa, ɗayan kuma ta ɗaga shi sama ta dafe tsakar kanta, kamar akwai ƙullin kaya a wurin. Kanta bai jiƙe ba. Tana tafiya ba sauri, ba hayaniya, ruwa yana rabewa a gaban haɓarta. Kuma ba ta miƙe sak zuwa ɗaya bangon ba, sai ta riƙa karkata tana nufar kusurwa.

“Mama, ina za ki?” in ji Malama.

Inna ta kai bango, ta kama, tana haki tana dariya. “Na manta ba ya tafiya. A kogi idan kana son ka sauka nan, sai ka nufi can sama, ruwa ya kawo ka.”

“Ban taɓa ganin irin wannan iyon ba,” in ji Malama.

“Ba na gasa ba ne, 'yata. Na zuwa gona ne.”

Ta huta, ta juyo. Wannan karon ta sauke hannun, ta yi amfani da duka biyun. Da ta zo kusa da mijinta ta dube shi, ta ja numfashi, ta dunƙule, ta shige ƙasa.

Mai Keke ya ga inuwa kawai tana rawa a ƙarƙashinsa. Auta ta miƙe tsaye. Ya jira, inuwar ba ta taso ba. Bai san lokacin da ya jawo tabarau ya rufe ido ba. Ya cika ƙirji, ya kifa fuska.

Komai ya yi shiru, kuma komai ya fito tas. Ga ƙafafunsa biyu suna lilo, sirara, kamar ba nasa ba. Ga layukan tayil sun daina rawa. Can ƙasa ga Inna, rigarta tana buɗewa tana rufewa, ta miƙa hannu ta taɓa gindin tafkin da tafinta. Ta juyo ta dube shi, idonta a buɗe, 'yan ƙwayoyin iska suna fita daga hancinta. Sannan ta dunƙule ƙafafu, ta tura ƙasa, ta taso ta gabansa.

Ya ɗago yana tari, don ya manta, ya buɗe baki tun bai fito ba. Inna ta riƙe bango tana mayar da numfashi, hular robarta ta karkace.

“To, ka gani. Hankalinka ya kwanta?”

Ya goge fuska. Akwai maganganu da yawa a bakinsa, amma wadda ta fito ita ce, “Ƙafarki ta hagu ba ta buɗewa kamar ta dama.”

“A nan kwale-kwale ya buge ni.”

“Wane kwale-kwale?”

“Na kawuna. Ni na kwance shi ba da saninsa ba.”

“Kina da kawu mai kwale-kwale?”

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Muryoyin mata sun taru a waje. Malama ta ce, “Baba, lokaci ya yi.”

Ya taka zuwa tsani, a tsaye sak, ya hau. Daga sama ya waiwayo ya ce, “Ina nan waje. Kada ki manta inda muka tsaya.”

Malama ta miƙa wa Inna ɗamara, Inna ta karɓa tana tsaki.

A hanyar gida Auta tana tuƙi, su biyu suna baya. Inna ta fara da kawun, wanda ya kasance kurma ne kuma ba ya son yara, daga nan ta wuce kan kakar, da wata shekara da kogi ya cika ya shigo har ɗakin kwana. Kowace magana ta faɗa sai ya tsayar da ita da tambaya. Da suka isa gida ba a gama ba, aka ɗora a kan abinci.

Da la'asar wani tela ya zo karɓar kekensa ya tarar da shago a rufe. Ya tambayi mai yankan gilashi ko lafiya. Mai gilashi ya ce shi ma bai ga Mai Keke ba tun safe, sai dai ya dawo gobe.